Tulun da Yakura Ta Hana

"Ke, kawo ruwa, mota ta yi zafi!" Direba Hamidu ya daka wa Yakura tsawa a bakin rijiyar Gure.

Ta tura masa guga, ta rungume tulunta. "Wannan kam kar ka taɓa, bawan Nasara!"

Hamidu ya ce a ransa, ashe ruwan daɗin ta ɓoye, shi kuwa inji ke so. Ya hankaɗe ta, ya ƙwace tulun, ya ɗura wa mota ruwan. Sauri yake ya kwaso mazan garin Kelle zuwa aikin dole.

A rabin hanya mota ta shaƙe. Ya lashi farin da ya toshe bututu: kanwa ce!

Da ya dawo a ƙasa, Yakura ta dube shi. "Ai na hana ka. Kwana biyu nake jiƙa ta. Mijina na cikin mazan Kelle, yanzu kuwa ya tsere, ya yi nisa."