Baƙin Bango

Tun da aka hana fenti, umarni ake rubuta wa bango ya zana kansa. Ranar suna, Sallau ya baje littattafan jagora na kamfanoni biyu a zaure. Baƙin bango yake so, da sunan jaririyarsa da ruwan zinare. Sabuwar unguwa ce, yana tsoron a raɗa suna ba kowa.

"Mai kaurin nan ya kawo tarihin haske kaf," in ji shi, "amma bai faɗi yadda ake jan layi ba."

Yayarsa Lantana ta ɗaga siririn. "Wannan fa, kai mai digiri? Misali ɗaya ne: cika bango da baƙi."

Ya rubuta. Littafin bai ce launi ko mutane ba, bangon kuwa ya zaɓi mutane. Sai ga dattawa da manyan riguna a jikin bangon suna ta barka.

Maƙwabta suka hango taro suka shigo, har waina ta kasa. Sallau na dariya yana raba goro, wani tsoho a bangon ya miƙo hannu, ya karɓi nasa.

"Duba mai kaurin," in ji Lantana, "ko ya faɗi yadda ake sallamarsu."