Farin Layin da Bai Tsinke Ba

Tunda ka sayi mota kana ta kaɗa mana mukulli a yatsa, zauna ka ji wannan kafin ka hau titi.

An yi wata mai ginin tukwane, ba ta taɓa shiga aji ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Amma shekara ashirin tana kai tukwane kasuwar mako a akori-kura, kullum a gaba kusa da direba, kuma bakinta ba ya hutawa. Allon nan mai jan baki me yake cewa? Wancan mai lanƙwasa kamar maciji fa? Tun direbobi suna dariya har suka koma faɗa mata, ita kuwa tana adanawa. Da haka ta san farin layin da ke tsakiyar kwalta magana yake yi. Inda ya tsittsinke, an yarda ka wuce na gabanka in ka ga fili. Inda ya miƙe ɗoɗar bai tsinke ba, ko gobara ce a gidanku, ka zauna a hannunka.

Wata ranar kasuwa ta loda tukwane arba'in, aikin wata guda, kowace an kwantar da ita cikin ciyawa kamar jinjiri. Direban ranar sabo ne a hanyar, ga takardar tuƙi a aljihu, ga son ya yi sawu biyu kafin azahar. Suna fara hawan wani dogon tudu sai ga tanka a gabansu tana rarrafe tana hayaƙi. Ya leƙa, bai ga komai ba sai kwalta da sama, ya fara karkata sitiyari. Matar ta ɗora hannu a gaban motar ta ce, "Layin nan bai tsinke ba. Ko ka bi bayanta, ko ka sauke ni da tukwanena a nan." Ya ce, "Iya, yau kuma tuƙi za ki koya mini?" Ta ce, "Yau kam." Fasinjojin baya suka hau surutu, wai tsohuwa za ta sa rana ta ƙwace musu. Ko waiwaye ba ta yi ba, hannun kuma bai sauka ba. Ya ja tsaki ya koma hannunsa. Tsakin bai gama fita ba sai ga tirela maƙare da shanu ta ɓullo daga bayan tudun, ta bi ta daidai inda zai shiga, iskarta ta girgiza motar har tukwane suka yi ƙara. Da suka gangara layi ya tsittsinke, hanya ta buɗe, ta janye hannunta ta ce, "To, direba, yanzu wuce." Sai da ya share gumi ya iya taka mai. Tukwane arba'in ta sauke a kasuwa, ko tsaga babu, mutanen da suka zage ta kuwa kowa ya sauka da ƙafarsa.

Ka ga ba duba ta yi ba, tambaya ta yi ta riƙe. Waɗanda suka ja layin nan sun riga ka ganin bayan tudun, kai kuwa jiya ka fara. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.