Littafin da Aka Bari a Ƙasa

Wata la'asar a Tudun Wada, ina yaro, maƙwabcinmu Malam Sule, akawun reluwe, yana karanta mana littafin labari na boko, ni da babana. A labarin, wani saurayi ya ajiye littafinsa a ƙasa ya tafi wasa.

Baba ya tsayar da ɗinkinsa. "Rubutu a ƙasa? Rufe, Malam, ɗana ba zai ji wannan ba."

Malam Sule ya dubi shafin ya ce, "Ai ga shi, uwarsa ta ɗauke ta sa a gafaka."

"Madalla. Ci gaba."

Bana na koyi karatu a ajin manya, na nemo littafin, na bi shafin nan da yatsa. Babu uwa a ciki. Ni ma in ina karanta wa yarana, nakan sa ta.