Layin Ajiye Aiki

"Ke, a gida kika baro ƙwaƙwalwarki?" Malama Ok, babbar nas, ta daka wa Bo-ra tsawa a gaban majinyata. "Ko ƙarin ruwa ba ki iya sakawa ba? Daƙiƙiya kawai!"

Wata tara ke nan, kullum haka. Bo-ra ta share hawaye, ta kai wa shugabar nas-nas takardar ajiye aiki.

Shugabar ko karɓa ba ta yi ba. Ta turo mata wani littafi. "Ma'aikata sun yi mana kaɗan, 'yata. Tafiya ma layi ake bi. Rubuta sunanki."

Bo-ra ce ta goma sha bakwai a layin. Ta duba sunan farko.

Malama Ok ce. Shekara shida tana jira a bar ta ta ajiye aiki.