Shamuwa a Hancin Jirgi

Da kwalbar barasa mutumin ya buge yatsun tsohon abokin shan giyarsa, amma tsohon bai ɗaga hannunsa daga kan hoton ba.

Haka wasansu yake duk Asabar a gidan gahawa na bakin kogin Drina: a zaro hoton tsohon jirgin saman yaƙi daga tulin da suka sayo a gwanjo, a rufe shi da tafin hannu, a bar ɗan gefe, saura su canka. Yau abin da ya leƙo shamuwa ce mai jan baki, zane a hancin jirgi. Mai kwalbar ya san ta. Ita ya gani ta sauko da bama-bamai kan gada ranar da aka tsinto ƙanwarsa gunduwa-gunduwa.

"Ɗaga hannunka, Kawu! Kai ne a ciki, ko?"

"Ka canka daidai, ɗana, ka ci. Zauna ka sha gahawarka."

"Makashi! Shekara da shekaru kana shan giyata!"

Ya sake bugawa, kwalbar ta tarwatse, ƙashi ya yi ƙara. Abokai suka rirriƙe shi, ya watsar da su, ya fizge hoton daga cikin jini.

A hoton, matuƙin yana jingine da fiffike, yana dariya, wushirya a fili. Ba Kawu ba ne. Mai kwalbar ya gane bakin: na mahaifinsa ne, wanda yake ɗura wa miya da cokali kullum da yamma, bakin da bai ƙara magana ba tun bayan yaƙi.

"Ai na ce ka zauna," in ji tsohon, yana naɗe hannunsa da tsumman tebur.