Mai Yanka Kwaɗi

Yana shigowa na lulluɓe jaririna. Duk Konni an san ƙanen mijina, wanda ya shekara goma a Dakar yana yanka kwaɗi, wai binciken bugun zuciya yake. Ni kam maye na ɗauke shi.

"Malam, yaron barci yake," na ce.

Ko kallon yaron bai yi ba. Ya ture ƙwaryar kunun kanwar jegona, ya danna ƙafata da yatsa. Gurbin ya ƙi cikowa.

"Bar kanwar nan, tashi mu tafi asibiti. Haka aka ce ƙafar innarmu ta yi bayan ta haife ni. Ba ta ga arba'in ba."

Na miƙa masa yaron don in sa takalmi. Ƙafar ta ƙi shiga.