Ranar da Zoborodo Ya Koma Kore

Da muka dawo Mubi daga gudun hijira, Goggo Rifkatu, ƙanwar babana, ta tarar an ƙone ɗakin binciken sinadaran da take shugabanta. Ta daina magana da kowa.

Wata la'asar ta kira ni tsakar gida, ta zuba zoborodo a kofin gilashi, ta ɗiga ruwan kanwa. Jan nan ya rikiɗe ya koma kore a gabana. Na ja da baya.

"Goggo, tsafi ne?"

Ta yi dariya, karon farko tun dawowarmu. "Akwai dalili, 'yata. Zauna mu nemo shi."

Na zauna. Yau ni ma binciken sinadarai nake yi, kuma har yanzu in launi ya juya, sai tsikar jikina ta tashi.